Rasuwar Man Daren Mai Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska wadda ta ɗan fi ta bara santsi, Mai Aski na bakin tashar bas, a madadin kansa da mai ɗakinsa da mahaifiyarsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙeya, rasuwar abin ƙaunarsa, Man Dare Mai Retinol, man gyaran fatar fuska. Rai ya yi masa halinsa a kan tagar shago, bayan gajeruwar rashin lafiya wadda ba wanda ya san yana yin ta. Marigayin bai cika shekara a hannun mai shi ba, amma abin da ya gani a gidan nan, wani man ko ya tsufa a gaban madubi ba zai ga rabinsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin fari ne tas, mai laushi, marar son hayaniya. Yana zaune cikin 'yar kwalba mai nauyi da murfi ruwan azurfa. Ba shi da ƙamshin a zo a gani. Magana biyu kawai aka taɓa jin ya yi a rayuwarsa: "ƙiris" idan an murɗe murfinsa, da "ƙwas" idan an dire shi a kan katako.

Yadda ya shigo gidan kuwa, laifin madubi ne. Sauran mutane sukan duba fuskarsu da safe su kama gabansu. Shi Mai Aski tun buɗe shago har rufewa yana tsaye a bayan kawunan mutane, fuskarsa tana leƙensa ta cikin gilashi. Ya yi shekaru bai kula ta ba, don idonsa yana kan gefen kunne da layin goshi. Sai wata rana wani mutum mai furfura har a gira ya zauna a kujera, ya gyara zama, ya ce, "Baba, a rage mini kaɗan, amma kar a taɓa gemun."

Mai Aski ya waiwaya ya ga ko wani dattijo ne ya shigo bai ji sallamarsa ba. Babu kowa sai tsintsiya. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, a karo na farko ba don aiki ba. Ya ga layuka biyu a tsakanin girarsa kamar sawun keke a taɓo. Ya ga kumatun da suka fara neman hanyar ƙasa. A tsallaken titi kuma ga sabon shagon aski da wasu samari suka buɗe, da fitilu masu launi da kiɗa, matasan da ya fara yi wa aski tun ana ɗora su a kan katako sun soma wucewa can suna ɗaga masa hannu daga nesa.

Da ya koma gida ya tarar da mai ɗakinsa a kan keken ɗinki, don ita tela ce, zare a bakinta. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Ni kuwa, wai na tsufa ne?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta datse zaren da haƙori ta ce, "Yau ka sani?"

Ita wasa ta yi, ta ma manta kafin ta gama hannun rigar. Shi kuwa maganar ta kwana da shi, ta tashi da shi, ta bi shi shago.

Ya tsallake kantunan magani na kusa, inda aka san shi, ya tafi wani mai nisa. Ya tarar da wata mata mai tabarau a bayan kanta. Ya yi gyaran murya ya ce mai ɗakinsa ce ta aiko shi, tana son man nan da ake cewa yana rage tamoji yana ɗame fata.

"Shekarunta za su kai nawa?" in ji mai maganin.

"Kamar nawa haka."

"Fatarta mai maiƙo ce ko busasshiya?"

Kafin ya ankara hannunsa ya kai kumatunsa yana shafawa. Matar ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, "Tana aske gemu kullum?"

Ya yi maza ya sauke hannun. Ta ɗauko marigayin ta dire a gabansa, ƙwas. Ta yi masa bayani a hankali kamar mai karanta wa yaro darasi. A lakato kamar ƙwayar wake, ita ce za ta ishi fuska gaba ɗaya. Da dare kawai. Da farko ba kullum ba, sai a riƙa tsallake kwanaki har fata ta saba. Ranar da reza ta bi fuska a bar shi ya huta. Da rana a shafa man kare rana, a sa hula. Sannan a yi haƙuri, don aikinsa na watanni ne. Mai Aski ya ji duka, ya gyaɗa kai a kan duka.

Marigayin ya fara zamansa a gidan cikin kwalin wani tsohon injin aski, a saman durowar kaya, inda ba mai leƙawa. A nan ya kamata a faɗi gaskiya don wanke sunan mamaci: duk abin da ya biyo baya ba halinsa ba ne. Mai Aski ne ya zauna ya yi nasa lissafin. Ya ce wake ɗaya dai ɓata gari aka san shi da shi, bai taɓa jin ya gyara fuskar ƙato ba. Mai maganin kuma ba ta san irin nisan da tsufansa ya yi ba. Sai ya riƙa shiga banɗaki da marigayin a aljihu, yana dumbuzowa da yatsu uku yana yaɓawa kamar magini ya samu siminti kyauta. Kullum, ba fashi, har da ranar da ya kankare gemu. Da safe kuma ya fita rana kai ba hula.

Ba a daɗe ba fuska ta ba da amsa. Ta fara da zafi kamar an goga mata barkono. Daga nan ta shiga saɓa, tana zubar da ɓawo fari-fari kamar bangon da fentinsa ya tashi. Gefen hanci ya tsage, haɓa ta yi dabbare-dabbare. In ya yi dariya sai ya ji kamar fatar za ta yage, don haka ya daina.

Da a ce shi direba ne ko mai sayar da taya, da abin ya tsaya a kansa. Amma mai aski da fuska mai saɓa, wannan wata magana ce. Wani uba ya shigo riƙe da hannun ɗansa, ya dubi Mai Aski, ya ce ya tuna ya bar abu a wuta, ya ja yaron suka tsallaka titi. Masu zuwa kowane mako suka fara barin suma ta taru. Kujerar da ba ta hucewa ta koma wurin kwanan kyanwar maƙwabta. Amininsa Direba, mai jan babbar bas, mutumin da cikinsa ba ya riƙe magana, shi ne ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Mutumina, zan gaya maka don ba wanda zai gaya maka. An ce cutar fata ce ta kama ka, kuma injinka ne ke raba ta."

Wannan ta fi ƙunar fuskar zafi. Mutumin da bai taɓa ɗora inji a kan wani ba sai ya goge shi da sifirit, wanda tawul ɗinsa ya fi na asibiti fari, yau shi ake gudu. Ga gaskiya a bakinsa, kalma kaɗan ce za ta wanke shi, amma ya kasa furta ta. Ya rasa wanne ya fi kunya, a ce yana da cuta ko a ce yana shafa man gyaran fuska a ɓoye.

A gida mai ɗakinsa ta canza sabulu, ta canza rigar matashin kai, ta ce gobe sai asibiti ko yana so ko ba ya so. Ranar nan da yamma yana zaune a falo ya zabga tagumi, ita tana ɗaki tana neman kwalin da za ta zuba maɓallai, sai ya ji wata murya da ya sani ta fito daga ciki.

Ƙiris.

Ya ɗago kai da sauri. Ta fito da kwalbar a tafin hannu kamar ta tsinci ƙwai.

"Maigida, wannan na wane ne?"

"Naki ne. Ke na saya wa."

"Ni ka saya wa, fuskarka ta shanye rabi?"

Ta dubi kwalbar, ta dubi fuskar, ta sake duban kwalbar. Dariya ta kama ta har sai da ta dafa hannun kujera ta zauna, tana share hawaye da bakin ɗankwali. Can ta lura shi ba ya dariya. Ya sunkuyar da kai yana wasa da zoben makullin shago.

"Ke ce kika ce yau na sani," ya ce a hankali.

Dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta tuna ranar. Ta ce, "Haba. Wasa fa nake yi." Ta matso kusa da shi, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske kamar tana duba yadin da aka ɓata wajen yanka. "To, wanda ya sayar maka bai gaya maka yadda ake yi ba?"

Ya karanto mata bayanin mai magani tun daga wake har hula, bai tsallake ko harafi ba.

"Duk ka haddace," ta ce, "aikin ne kawai ka ƙi." Ta murɗe murfin ta sa kwalbar a aljihun rigarta. "Daga yau yana hannuna. Saura shago. Zaɓi ɗaya, a ce kana da cuta ko a ce kana son kyau."

Washegari ya kira Direba ya gaya masa komai, ya roƙe shi ya riƙe sirri. Ya san abin da yake yi. Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layin bas ya dawo. Abin da ya ji tsoro ya faru, an yi masa dariya son rai. Amma mai son ya yi maka dariya da kyau sai ya shigo ya zauna, wanda ya zauna kuma sai a yafa masa tawul. Shago ya cika fiye da da. Wasu suna shigowa da "Ango, ina kwana," wasu suna tambaya ko za a shafa musu kaɗan bayan aski. Har samarin tsallaken titi suka leƙo gaisuwa. Mai Aski ya shanye duka, yana aski yana murmushi iya yadda fata ta ba shi dama.

Marigayin ya yi hutun dole har fuska ta warke. Daga nan ya shiga kwanakinsa mafi albarka, waɗanda iyalin ke so a tuna shi da su. Ya bar kwalin tsohon inji ya koma cikin durowar gefen gado, wuri mai duhu da sanyi irin wanda yake so. Idan an ci abincin dare an kwashe kwanuka, sai Mai Aski ya wanke fuska ya zauna a bakin gado. Ƙiris. Mai ɗakinsa ta lakato daidai wake, ta ɗiga a goshi da kumatu da haɓa, ta ce ya rufe ido. Yatsanta yana da kaushin allura, amma hannun yana da sauƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana riƙe kawunan mutane yana juya su dama da hagu, sai a lokacin ya tuna rabon da wani ya riƙe nasa.

Tun da yara suka girma suka watse, hirarsu ta koma ta gas ya ƙare, rufi yana yoyo, wane ya kira waya. Yanzu kuwa dole ya yi shiru, don in ya buɗe baki sai ta ce zai ci mai. Da ya yi shiru sai ya ji abubuwa. Ya ji cewa idonta ya fara gajiya da zura zare, ta daɗe tana ɓoyewa. Ya ji tana son ta koya wa wasu mata ɗinki amma tana tsoron a ce ta cika kai. Ya ji labarin wata mai kawo ɗinki da ke rantsuwa ƙugunta bai ƙaru ba, tef ɗin awo ne ya tsuke. A daren da ba na marigayin ba, sai ta shafa masa man shafawa na gida, wai don kar fata ta bushe. Bai taɓa tambaya ko mai magani ta faɗi haka ba.

Za a shaidi marigayin da cewa bai yi ƙarya ba. Rubutun jikin kwalin da ya zo a ciki ne ya cika baki, shi kuwa abin da zai iya kawai ya yi. Da watanni suka tura, kumatu sun yi sumul, ƙananan layukan gefen ido sun lafa, har wani ya tambayi Mai Aski ko ya yi hutu ne. Layuka biyun nan na tsakanin gira kuwa ko gezau. Mahaifiyar Mai Aski, wadda ke zaune tare da su, ta taɓa neman a ɗiga mata, ta ce, "Ku da ko tsufan ba ku fara ba kuna shafe-shafe, ni mai kayan a hannu an bar ni." Surukarta ta shafa mata rabin wake. Da safe Inna ta ɗauki madubi ta duba hagu ta duba dama, ta ajiye. Ta ce, "Ku riƙe abinku. Nawa sai dutsen guga."

Ajali kuwa ta hannun aboki ya zo. Direba, wanda dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi, ya shigo wata rana da shago ba kowa, ya zauna a kujera alhali sumarsa ko tsirowa ba ta yi ba. Ya yi ta kallon silin. Can ya ce, "Mutumina, abin nan naka, yana yi wa wuya?" Ashe yaran mota sun fara ce masa Tsoho, shi ma ta kwana da shi.

Daɗi ya kama Mai Aski. Washegari ya saci jiki da marigayin a aljihu ba tare da mai ɗakinsa ta sani ba. Ya buɗe shi a gaban Direba, ya shiga wa'azin wake da hula kamar shi ya ƙirƙiro su. Suna cikin haka sai ga ayarin masu aski sun doso ƙofa. Direba ya rikice, ya fizge kwalbar ya tura ta bayan labulen taga, ya jefa murfin a aljihunsa, ya fita yana gaishe da mutane da ƙarfi. Daga nan ya hau bas ya yi doguwar tafiya. Mai Aski ya ɗauka Direba ya tafi da man gaba ɗaya. Direba ya ɗauka Mai Aski ya gani ya adana. Da aka tambaya a gida, sai ya ce an ara. Mai ɗakinsa ta ce, "Man fuska ake ara?" Ta bar maganar a nan, wanda ya fi faɗa ciwo.

Haka marigayin ya yi kwanaki a kan taga, kai a buɗe, rana tana dukansa ta cikin gilashi tun hantsi har la'asar, shi da ko hasken fitila ba ya so. Ba shi da murfin da zai yi ƙiris ya nemi taimako. Ranar share-share aka ɗaga labule aka same shi. Ya koma ruwan ɗorawa, mai ya rabu ya taso sama, gashin rabin unguwa ya kwanta a kansa, ga wani ƙuda da ya riga shi cikawa a gefe.

Mai Aski ya rufe shi da hankici ya garzaya da shi wurin mai magani. Ta duba ta saman tabarau, ta sunsuna, ta girgiza kai. Ta ce, "Sai haƙuri. Ka gaya wa mai ɗakin naka kar ta kuskura ta shafa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma fatarta ta yi kyau."

Ya dawo gida. Ya faɗi abin da ya faru tun daga satar fita har ƙuda. Aka ci abinci, aka kwashe kwanuka. Ya zauna a falo yana kallon talabijin ba tare da ya san abin da ake yi ba. Ba man ne ya dame shi ba, don mai ana sayen wani. Gani yake ya karya abin da ba a sayarwa, da hannunsa, saboda son a ce ya iya. Sai ya ji muryarta daga ɗaki.

"Maigida, ba za ka zo ba ne?"

"Ai ya rasu."

"Shi ya rasu. Yatsana yana nan. Wanko fuskarka."

Marigayin ya rasu ya bar kwalba ɗaya, da murfi wanda ya dawo daga tafiya bayan an gama komai, yana warin man dizal. Ya bar ƙaninsa man kare rana, da hula mai faɗin baki wadda yanzu ba ta rabuwa da kan Mai Aski. Ya kuma bar layuka biyu a tsakanin gira, waɗanda ya same su a nan ya tafi ya bar su cikin ƙoshin lafiya. Maganar wanda zai gaje shi ba a yanke ba tukuna. Mai ɗakin Mai Aski ta ce za a duba, da sharaɗin magajin ba zai taɓa sanin hanyar shago ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe kafin a buɗe shago. Direba ne zai kwashe abin da ya rage da cokali ya kai kwandon shara na bayan tasha, shi kaɗai, a ƙafa, kowa yana kallo. Za a wanke kwalbar da ruwan ɗumi a miƙa ta ga mai ɗakin Mai Aski, wadda ta riga ta ware mata wuri a durowar keken ɗinki. Inna ta ce a ba ta uzuri, gwiwa ba za ta bar ta ta halarta ba, kuma dama ba su saba da mamacin sosai ba.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga buɗewa zuwa rufewa. Ana roƙon masu zuwa su taho da sumarsu, su bar shawarwarin magani a gida. Wanda bai samu zuwa da rana ba ya bari sai washegari. Kada kowa ya biyo Mai Aski gida bayan an ci abincin dare, don a lokacin idonsa a rufe yake, kuma ba a ba shi izinin magana ba.